Aikin kwana biyu ko na mako guda: wa za ka ba motarka ya liƙa mata leda?

Ka yanke shawarar sauya wa motarka launi ba tare da an taɓa fentinta na asali ba, sai ka nufi masu liƙa leda. Na farko ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce ka kawo ta gobe da safe, jibi da yamma ka zo ka ɗauki abarka. Na biyu ya tsaya yana shafa bodin da tafin hannu, ya buɗe ƙofofi, ya leƙa ƙarƙashin bamba, ya tambaye ka ko an taɓa yi wa motar fenti tun fitowarta daga kamfani. Da ya gama sai ya ce zai riƙe ta kwana biyar zuwa mako guda, kuɗinsa kuma ya yi wa na wancan nisa.

Abin da ke sa zaɓin nan wuya shi ne, ranar karɓar mota duka biyun za su burge ka. Sabuwar leda ko wace iri ce tana ɗaukar ido, kuma daga nisan taku biyar babu aikin da ba ya kyau. Aibi sai rana ta daki motar na wasu watanni, an wanke ta sau goma ko ashirin, sannan yake fitowa, a lokacin kuwa kuɗi sun daɗe da barin hannunka. Saboda haka abin da ya kamata ka sani shi ne inda kwanakin nan uku zuwa biyar na bambanci suke tafiya.

Mu fara da ledar kanta. Yawanci daga robar PVC ake yin ta, amma hanyar yin biyu ce. Akwai ledar zubi, wadda 'yan sana'ar ke ce wa kast: ana haɗa sinadaran suna ruwa-ruwa, a zuba su a kan shimfiɗa, a bi da su ta cikin zafi har su bushe su zama leda. Ba a ja ta ba, ba a matse ta ba, don haka babu wata siffa da take ɗokin komawa. Akwai kuma ledar murji, wadda suke ce wa kalandad: ana cuɗa robar da kauri, a tura ta tsakanin manyan ƙarafa masu juyawa har ta baje. Dole aka yi mata ta baje, kuma ba ta mantawa. Duk sanda ta ji zafi sai ta nemi tsukewa. A kan allon talla mai shafaffiyar fuska wannan ba wani abu ba ne, iyaka ta ja da baya kaɗan a gefe. A jikin mota kuwa, inda ko'ina lanƙwasa ne da kwari, tsukewar nan ita ce ke ɗaga bakin leda, ƙura ta maƙale a gam ɗin da ya fito, ka ga baƙin zane ya kewaye kowace ƙofa.

Sunan kamfani kaɗai ba ya wadatarwa, kuma nan ne ake yawan rufe masu mota. Idan aka ce maka "ai Oracal ce", tambayi lambarta. Kamfanin Orafol na Jamus yana yin Oracal 970, wadda ta zubi ce ta naɗe mota, yana kuma yin Oracal 651, wadda ta murji ce ta rubutun alluna da sitika. Suna ɗaya, aiki daban. Haka 3M ke da 2080, wadda ta gaji 1080, Avery Dennison ke da SW900, ga kuma KPMF na Birtaniya da Hexis na Faransa, kowa da ledar da ya ware don jikin mota. Ka nemi a nuna maka naɗin ledar da kwalinsa kafin a fara. Ledar mota ta gaske faɗinta yakan kai santimita 152, abin da ke ba da damar rufe bonet ko rufin mota da falle guda. Wanda ya sayo ƙaramar ledar alluna dole ya yi maka haɗi a tsakiyar bonet. Ka kuma tabbatar ledar duka daga bugu ɗaya ta fito, domin launi ɗaya daga bugu biyu yakan ɗan saɓa, musamman masu ƙyalƙyalin ƙarfe. Irin waɗannan ma suna da fuskar da suke kallo: idan aka liƙa ta ƙofa a tsaye, ta fenda a kwance don a rage asarar leda, da an fito rana sai ka ga kamar launi biyu ne.

Sai wanki. Mai aikin kwana biyu zai wanke motar da safe, ya tsane ta da tsumma, ya fara liƙi kafin azahar. Mai aikin mako guda yakan ƙarar da yini guda cur bai ɓare ko falle ɗaya ba. Zai wanke ta tun jiya domin ruwan da ya ɓuya a ƙarƙashin robar gilashi da bayan fitilu ya gama fita, ya bi fentin da yumɓun goge mota ya kwashe kwalta da ƙurar birki da suka manne, sannan ya goge da sinadarin isopropyl don cire maiƙo da man ƙyalli. Inda ya fi daɗewa shi ne wuraren da ido ba ya kai wa: bayan bakin ƙofa, cikin bakin fenda, ramin murfin tankin mai. Can ne ledar za ta lanƙwasa ta kama, can ne kuma datti ya fi taruwa. Gam ba ya kama maiƙo. Man da ake fesa wa taya don ta yi baƙi yana ɗauke da silikon, yana kuma fantsama a ƙasan ƙofofi. In ba a cire shi tas ba, daga nan ledar za ta fara saki.

Wurin aikin ma abin dubawa ne. Da zarar an ɓare takardar bayan leda, tana jan ƙurar da ke cikin iska kamar maganaɗisu, kuma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: ƙwayar yashi guda a ƙarƙashin baƙar leda mai sheƙi za ta zauna kamar ƙurji har ranar da aka cire ta. Ana son rufaffen ɗaki mai tsabta da haske, zafinsa tsakanin digiri 18 da 25 a ma'aunin Salshiyos. In wurin ya yi sanyi da yawa ledar kan yi tauri ta yage, gam kuma ya ƙi kamawa. In ya yi zafi da yawa gam ya cafke tun ba a daidaita ba, ledar ta riƙa miƙewa da kanta. Wanda ka tarar yana liƙi a fili, iska na kaɗawa, ya riga ya ba ka amsa.

Tambayar nan da na biyu ya yi maka game da fenti, kada ka ɗauke ta neman dalilin ƙara kuɗi. Kaurin ledar sauya launi wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne kawai. Ba ta ɓoye karce mai zurfi, ko lotsawa, ko filar da ba a goge da kyau ba. Bin su take yi ta fito da su. Sabon fenti kuma yana ci gaba da fitar da tururin sinadaransa na tsawon makonni, shi ya sa ake jira aƙalla wata guda kafin a rufe shi. Fentin da aka sake yi ba tare da shiri mai kyau ba yakan biyo ledar ya ɓare, wani lokaci tun ana tsakiyar aiki, lokacin da aka ɗaga ta don a gyara mata zama. Idan shafin sama na fentinka ya fara ɓawo, ko tsatsa ta ɓullo a bakin fenda, to babu ɗaya daga cikin mutanen nan biyu da ya dace da kai tukuna. Mai gyaran bodi da mai fenti za ka fara nema. Ma'aikacin kirki zai faɗa maka haka ko da zai rasa cinikin.

Yanzu ga batun da ya fi ci mini rai, wato wuƙa. Mai sauri ba ya kwance komai. Zai shimfiɗa leda a kan ƙofa, ya bi gefen mariƙin ƙofa da madubi da tambarin kamfani da reza, a kan fentinka. Shafin sama mai garai-garai da ke ba fenti ƙyalli kaurinsa yawanci maikiron 40 zuwa 50 ne, bai kai silin gashi ba. Ledar da ake yankawa ta ninka shi kauri. Hannun da zai yanke ta sama ya tsaya cak bai taɓa na ƙasa ba, sai wanda ya shekara yana koyo, shi ɗin ma ba kullum ba. Mugun abin shi ne ba za ka ga yankan ba, domin bakin ledar na zaune a kansa. Na taɓa tsayawa ana cire wa wata mota leda bayan shekara uku. Fentin ya fito sabo fil kamar yadda aka yi wa mai ita alkawari, sai dai kowane gilashi, kowane mariƙi, da tsawon rufin gefe biyu, an zane su da siririn yanka, a wurare biyu har ya kai ƙarfe tsatsa ta kama. Ledar da ya sa don ta kare fenti ita ta zama sanadin sake fenti.

Mai aikin mako guda yana kwance abin da zai kwantu: mariƙai, madubai, tambari, fitilun baya, wani lokaci har bamba, domin ledar ta shige ciki ta lanƙwasa ta baya. Inda dole sai an yanka a jikin mota, akwai tef mai zare a ciki, wanda 3M ke sayarwa da sunan Knifeless. Ana shimfiɗa shi kafin leda, a ɗora ledar a kai, a ja zaren ya yanke ta daga ƙasa, ƙarfe bai taɓa fenti ba. Tambaye shi kai tsaye: "Da me kuke yanka a jikin mota?" Sai dai in yi adalci, kwance kaya ma yana da nasa haɗarin. Wanda bai san motar ba zai karya kilif, ya bar bamba na rawa, ko ya tsinke wayar na'urar da ke kuka idan an kusa gogar wani abu. Ledar da ke da ƙarfe a cikinta, irin mai kama da madubi, tana iya rikita na'urorin da ke bayan bamba idan aka rufe su da ita. Don haka bayan "za ku kwance?" sai ka ƙara da "wa zai kwance, kuma ya taɓa yin irin wannan motar?"

Duk abin da na ambata zuwa yanzu mai mota zai iya gani ko ya tambaya. Inda gwaninta take ta gaske, kuma inda ya fi wuyar ganewa, shi ne ja da zafi.

Leda idan ta ji iska mai zafi takan yi laushi ta miƙe yadda kake so. Sabon shiga yana ganin haka sai ya ɗauka ya gano sirrin sana'ar: duk inda ta ƙi kwanciya, a hura mata zafi a ja. Amma ledar da aka ja ta wuce kima abubuwa uku take rasawa lokaci guda. Kaurinta ya ragu, launinta ya kwashe, gam ɗinta ya baje ya yi ƙaranci a daidai inda aka fi buƙatarsa. Shi ya sa kake ganin kusurwar bamba ta yi fari-fari, ko leda marar sheƙi ta ɗau ƙyalli a kan madubi. Bayan makonni sai bakin ya fara tattarewa yana ɗagowa kamar yatsu. Gwani yana raba jan ne a kan faɗi mai yawa, kaɗan nan kaɗan can, sau da yawa mutum biyu ko uku na riƙe da falle ɗaya, yadda in aka iso baki ledar za ta kwanta ba tare da wani ƙarfi na jan ta baya ba. Bakin da aka liƙa yana ɗame, ko ba daɗe ko ba jima sai ya saki.

Haka abin yake a kwaruruwa, kamar ramin lambar mota, kewayen fitilar hazo, da dogayen layukan gefen motocin ɗaukar kaya. Hanyar sauri ita ce a shimfiɗa leda ta haye ramin kamar fatar ganga, a hura zafi, a danna ta ciki da yatsa. Ranar nan za ta zauna. Da rana ta gasa ta sai ta taso ta koma gangarta, iska ta shiga ƙarƙashi, daga baya ta tsage. Hanyar da ta dace ita ce a riƙa ciyar da ledar cikin ramin tun daga gefe ɗaya, ana sako mata daga waje, ta shiga ba tare da an ja ta ba. In ramin ya yi zurfin da ba zai yiwu ba, sai a yanko wani ƙyalle daban a fara shimfiɗawa a ciki, babban fallen ya hau bakinsa a kan layin bodi inda ido ba zai lura ba. Masu mota da yawa suna ƙin wannan, suna cewa su falle guda suke so, babu haɗi. Ni a ganina kuskure ne babba, kuma da bakinsu suke tura ma'aikaci ga jan da zai ɓata aikin. Haɗin da aka ɓoye da kyau zai kai shekaru. Falle gudan da aka tilasta wa shiga rami ba zai ga ƙarshen zafin farko ba.

Bayan an gama liƙi akwai mataki ɗaya da ba ya barin wata alama, shi ya sa shi ake fara tsallakewa. Duk inda aka ja leda ko aka tura ta kwari, sai an koma an gasa shi har ya kai wajen digiri 90 zuwa 100, gwargwadon abin da kamfanin ledar ya rubuta. Wannan zafin ne ke sa ta saki tsohuwar siffarta ta karɓi ta motar. Ba a yin sa da ka. Akwai ma'aunin zafi da ake haskawa daga nesa, hannu ɗaya na riƙe da shi, ɗayan na riƙe da na'urar hura zafi, ana bi taƙi-taƙi. A mota guda yakan ci awoyi. Idan ka shiga wurin aiki ba ka ga ma'aunin nan ba, ka tambaya. Mai sauri yakan maye gurbin gashin da ruwan ƙara wa gam ƙarfi, irin Primer 94, ya shafe bakuna da kwaruruwa da shi. Ɗan kaɗan a wuri mai wuya ba laifi ba ne. Amma in aka lafta shi ko'ina, ledar za ta riƙe na ɗan lokaci, ranar cirewa kuma ta bar gam mai taurin kai, wani sa'in ta taho da fenti.

Kumburin iska, wanda shi mutane suka fi tsoro, shi ne mafi sauƙi. Ledojin zamani suna da ƙananan hanyoyi a jikin gam da iska ke bi ta fita, ƙaramin kumburi kuwa danna shi ake yi ya kwanta. Wanda ke da ƙura a ciki ne ba ya tafiya.

To ko akwai inda aikin araha ya dace? Akwai. Idan tallar wata uku ko shida za a liƙa a shafaffen gefen motar kaya, ledar murji mai kyau ta wadatar, sayen ta zubi ɓarnar kuɗi ne. Haka rubutu da siraran layuka a wuri marar lanƙwasa. Amma sauya launin mota gaba ɗaya, da bamba da madubai, araha ba ta ado, domin kuɗin cire lalatacciyar leda da ta gasu ta dinga ɓallewa guntu-guntu yakan cinye abin da aka rage tun farko. Idan aljihunka bai kai aikin mako guda ba, gara ka rage girman aikin da ka rage ingancinsa: a yi maka rufi da madubai, ko bonet kaɗai, da leda ta gari a hannun gwani. Idan kuma abin da ke damunka tsakuwar hanya ce da ke fasa fentin gaba, ledar launi ba za ta yi maka maganinta sosai ba. Akwai ta kariya, mai garai-garai, da ake yi da robar foliyuretan, kaurinta ya kai ninki biyu. Irinta ce XPEL da SunTek suka yi suna a kai.

Ko aiki ya yi kyau, kada a yi maka alkawarin da ledar ba za ta cika ba. Shekara biyar zuwa bakwai da ake yawan ambata na gefen mota ne, inda rana ke gogar ta a karkace. Rufi da bonet da saman but, da rana ke duka kai tsaye, sun fi saurin gajiya, kuma takardun garantin kamfanonin da kansu suna rage shekarun waɗannan wurare, su ƙara ragewa a ƙasashe masu tsananin rana. Garantin kamfani na ledar ne kawai, in ta koɗe ko ta tsage da kanta. Bakin da ya ɗago saboda ja ko datti, wannan na ma'aikaci ne, sai ka nemi nasa garantin a rubuce, da adadin watanninsa. Kuma a ƙasashe da yawa sauya launin mota, ko da da leda ne, sai an sanar da hukumar rajista da kamfanin inshora.

Hotunan da za a nuna maka a waya duk na ranar gama aiki ne. Gani ya kori ji: ka nemi a haɗa ka da motar da suka yi shekara guda da ta wuce. Wanda ya yarda da hannunsa zai yi murnar nuna maka. In ka same ta, ƙyale tsakiyar ƙofa, ko'ina tana kyau a nan. Durƙusa ka dubi ƙasan bamba, ka bi bakin fenda da yatsa, ka buɗe murfin tankin mai, ka duba bayan madubi da ramin lamba.

Ranar karɓar taka ma haka za ka yi, da rana, a waje, ba cikin fitilun shago ba. Ya kamata a ce motar ta kwana bayan an gama, an fito da ita rana ta ɗan sha zafi, an sake bin bakunan. Ka buɗe kowace ƙofa ka ga yadda ledar ta lanƙwasa ciki, yankan a miƙe yake ko kuwa kamar haƙoran zarto. Ka tsaya a gefe ka kalli bonet a karkace, nan layukan gam da karcen mashafin da ake danne leda da shi ke fitowa. Ka gwada mariƙai da gilasai da na'urorin bamba. Ku ajiye ranar da za ka dawo da ita bayan mako biyu a sake dubawa, kuma kada a wanke ta a kwanakin farko. Inda ka ga kusurwa ta yi fari ko baki ya fara tattarewa, kada ka yarda a hura masa zafi a danne a gabanka. Wannan fallen cire shi za a yi a sa sabo, kafin ka cika ragowar kuɗin.